Yadda Ake Saita Sunayen Na'urori Domin Manhajar Sa Ido Kan Netwok Ta Gane Su

Duk wanda ya taɓa girka manhajar sa ido kan netwok, irin su Zabbix ko LibreNMS ko PRTG, ya san abin da yakan gani ranar farko da ya sake ta ta zagaya neman na'urori. Lambobin adireshin na'urori ne zalla suke cika fuskar kwamfuta, 10.20.1.2 da 10.20.1.3 har zuwa ƙasa, a tsakaninsu kuma ga na'urori huɗu ko biyar da kowacce ke kiran kanta MikroTik, wato sunan kamfanin da ya ƙera su, ga wata firinta mai sunan da ba ya karantuwa. Manhajar ta samo na'urorin, amma ba ta samu wanda zai gaya mata sunayensu ba.

Na ga illar haka a wata makaranta mai zaman kanta a nan Kaduna, mai reshe ɗaya a Kawo da ɗaya a Barnawa. Wata rana da damina tsawa ta ƙona suwici guda, wato akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa a cikinsa, sai saƙon gargaɗi ya shigo wayar matashin da ke kula da kayan cewa 10.20.2.14 ta daina amsawa. Ya kira ni ya ce, "Malam, don Allah wace ce kuma 2.14?" Ni ma sai da na koma tsohon littafin da muka rubuta adireshi a ciki kafin na gane, lokacin kuwa ya riga ya kama hanyar Kawo, alhali suwicin yana ƙetaren gada a Barnawa. Da saƙon ya ce brn-sw-03 ce ta mutu, da bai kira kowa ba. Waɗannan lambobi na 10.20 da rassan biyu su zan riƙe a matsayin misali har ƙarshen bayanin.

Inda manhajar ke samo suna

Kafin a taɓa wani saiti, ya kamata a san cewa manhajar tana da majiya fiye da ɗaya, kuma majiyoyin ba koyaushe bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Ta farko ita ce fayil ɗin hosts da ke cikin kwamfutar da manhajar ke kai, wanda ya samo asali daga HOSTS.TXT, fayil guda da cibiyar SRI ta Amurka take rarraba wa dukkan kwamfutocin ARPANET, netwok ɗin da ya haifi intanet, kafin Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. Ta biyu ita ce DNS ɗin kanta, wato tsarin da ke haɗa suna da adireshi. Ta uku ita ce na'urar da ake tambaya, domin ta hanyar SNMP, wato yaren da ake tambayar na'ura halin da take ciki, manhaja na iya karanto sunan da na'ura ta raɗa wa kanta, wanda ake kira sysName, a lambar 1.3.6.1.2.1.1.5.0. Ta huɗu kuwa hanyoyin shela ne irin su NetBIOS da LLMNR da mDNS, inda kwamfuta ke ɗaga murya a cikin sashenta tana tambayar wa ke da suna kaza.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne alƙiblar tambayar. Mai buɗe shafin intanet yana da suna a hannu yana neman adireshi, wannan kuwa rajistar DNS da ake kira A ce ke amsa shi. Manhajar gano na'urori adireshi take fara samu, sannan ta juya ta nemi sunan mai shi, kuma wannan juyayyiyar tambaya rajistar PTR kaɗai ke amsa ta. A yawancin ofisoshin da na shiga, rajistar A tana nan daram, ta PTR kuwa ba a taɓa buɗe mata shiyya ba, wato sashen da ake ajiye rajista a sabar DNS, shi ya sa komai ke tafiya lafiya ga ma'aikata amma manhajar sa ido tana zaune cikin duhu.

Mataki na farko: tsarin suna

Ka zauna da takarda kafin ka zauna gaban kwamfuta. Tsarin da ya fi yi mini aiki shi ne wuri, sannan nau'in na'ura, sannan lamba: kw-sw-01 ga suwici na farko a Kawo, brn-ap-04 ga na'urar wayfai ta huɗu a Barnawa, kw-fir-02 ga firinta. Sunan na'ura ba ya ɗaukar komai sai haruffan boko da lambobi da ƙaramin layin tsakiya, kuma kowane gaɓa na suna ba ya wuce haruffa 63. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, da kuma alamar hamza, ba sa shiga, don haka ofishin da ke Ƙofar Gamji sai a taƙaita shi da kg ko makamancinsa. Idan akwai kwamfutocin Windows, kada gajeren sunan ya wuce haruffa 15, domin iyakar NetBIOS ke nan, kuma abin da ya haura haka yankewa ake yi, har ta kai sunaye biyu masu dogon farko iri ɗaya su zama guda. Ina kuma ba da shawarar kada a sa sunan mutum a jikin kwamfuta, saboda ma'aikaci yakan canza wurin aiki ya bar kwamfutar tana amsa sunansa shekaru.

Sai sunan yankin da za a liƙa a ƙarshe. Idan ma'aikatarku tana da nata sunan da ta yi rajista, misali a ƙarƙashin .ng da hukumar NiRA ke kula da shi, mafi kyau a yanki reshe daga cikinsa don amfanin cikin gida. Idan babu, a yi amfani da .internal, wanda ICANN, hukumar da ke kula da sunayen intanet, ta keɓe a 2024 domin wannan buƙatar. Kada a yi amfani da .local ko da an ga tsofaffin ofisoshi suna yi, domin tun 2013 aka keɓe shi ga mDNS, kuma na'urorin Apple da Linux da dama sukan aika tambayarsa ta hanyar shela maimakon su kai wa sabar DNS. A misalinmu, ofis.internal za mu ɗauka.

Mataki na biyu: tsayar da adireshi

Suna ba ya zama a kan adireshin da ke yawo. Rauta da suwici da saba a ba su adireshi na dindindin da hannu, daga wajen zangon da DHCP, wato tsarin da ke ba na'urori adireshi kai tsaye, ke rabawa. Firinta da kyamarori da na'urorin wayfai kuwa a kama musu gurbi a cikin DHCP bisa lambar MAC ɗinsu, wato lambar shaidar katin netwok, ta yadda kullum adireshi guda za su riƙa samu. Netwok ɗin baƙi da wayoyin ɗalibai a cire shi gaba ɗaya daga zangon da manhaja za ta bincika, domin tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ɓoye ainihin lambar MAC ɗinsu, kuma bin diddiginsu cika rumbun bayanai kawai yake yi da shara.

Mataki na uku: shiyyar gaba da shiyyar baya

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan ɗan daɗe a kansa. A sabar DNS ta cikin gida za a buɗe shiyya biyu. Ta gaba ita ce ofis.internal, mai ɗauke da rajistar A. Ta baya kuwa ana rubuta sunanta ne da juya lambobin adireshi a ƙara musu in-addr.arpa, ta yadda tambaya a kan 10.20.1.5 takan zama tambaya a kan 5.1.20.10.in-addr.arpa. Tunda rassanmu biyu duk suna ƙarƙashin 10.20, shiyya guda mai suna 20.10.in-addr.arpa ta wadatar da su, kuma ta fi sauƙin kulawa a kan a buɗe wa kowane sashe tasa, musamman ranar da aka ƙara reshe a Rigasa ko Sabon Tasha aka manta da buɗe masa sabuwa.

A Windows Server, tilas ne a fara buɗe shiyyar baya kafin a shigar da na'urori. Bayan haka, duk lokacin da za a ƙara rajistar A, a tabbata an danna akwatin da ke ƙirƙirar PTR tare da ita, ko kuma a yi ta PowerShell:

`Add-DnsServerResourceRecordA -ZoneName ofis.internal -Name kw-sw-01 -IPv4Address 10.20.1.2 -CreatePtr`

Ƙaramin ofis da ba shi da sabar Windows yana iya dogara da dnsmasq a kan ƙaramar kwamfutar Linux, kuma ina son sa ne saboda yana haɗa DHCP da DNS wuri guda, ta yadda na'urar da ta karɓi adireshi nan take sunanta ke shiga ta gaba da ta baya. Waɗannan layukan su ne ginshiƙinsa:

`domain=ofis.internal`
`local=/ofis.internal/`
`expand-hosts`
`domain-needed`
`bogus-priv`
`host-record=kw-sw-01.ofis.internal,10.20.1.2`

Layin host-record yana samar da A da PTR a lokaci ɗaya. Layin bogus-priv kuwa yana hana juyayyiyar tambaya kan adireshin cikin gida fita waje, idan ba a san mai adireshin ba sai a amsa nan take cewa babu shi. Wannan yana da muhimmanci, domin zangunan 10 da 172.16 da 192.168 an keɓe su ne tun 1994 don amfanin cikin gida, babu wata saba a duniya da ta san wanda ke riƙe da su a ofishinku, kuma tura tambayarsu waje ɓata lokaci ne da data. Masu amfani da MikroTik a matsayin DNS za su shigar da sunayen a ƙarƙashin /ip dns static, amma idan suka kunna allow-remote-requests, wajibi ne su toshe ƙofa ta 53 daga ɓangaren intanet, in ba haka ba rautar za ta zama mai amsa wa duk duniya tambaya, har a yi amfani da ita wajen kai wa wasu hari.

Rauta mai ƙafafu da yawa, wato mai haɗe da sassan netwok da yawa, tana buƙatar kulawa ta musamman, domin tana da adireshi a kowane sashe kuma manhaja na iya ɗaukarta na'urori uku ko huɗu. A zaɓi adireshi ɗaya na gudanarwa a ba shi ainihin sunan, sauran kuma a ba su sunaye masu nuna ƙafar, kamar kw-rt-01-v20. Sannan a umarci rautar ta riƙa aiko da saƙonnin gargaɗi na SNMP da na syslog daga wannan adireshin na gudanarwa, wanda a Cisco ake yi da snmp-server trap-source da logging source-interface.

Kwamfutocin ma'aikata da ke karɓar adireshi daga DHCP sai a bar su su riƙa sabunta rajistarsu da kansu, amma a kunna sharar tsofaffin rajista. A Windows tsarin asali kwana 7 ne da wasu kwana 7 kafin rajista ta cancanci gogewa, hayar adireshin DHCP kuma kwana 8. Idan ba a kunna sharar ba, adireshi ɗaya zai tara sunayen kwamfutoci uku da suka taɓa riƙe shi, manhajar kuma ta ɗauki wanda ya fara zuwa mata.

Mataki na huɗu: sunan da ke jikin na'urar

A bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya a sa musu sunan da aka rubuta a DNS, harafi da harafi. A MikroTik ana yi da /system identity set name=kw-rt-01, a Cisco da hostname tare da ip domain name, firinta da kyamara kuma ta shafinsu na saiti. Wannan sunan ne SNMP ke bayarwa, shi ne kuma suwici ke sanar wa maƙwabcinsa ta LLDP ko CDP, kuma da shi manhaja ke zana taswirar wace waya ta shiga ina. Aiki ne mai gajiyarwa, amma sau ɗaya ake yin sa.

Mataki na biyar: kwamfutar da manhajar ke kai

Manhajar ba ta da idon kanta, da idon tsarin da take zaune a kai take gani. A Linux a duba /etc/nsswitch.conf, inda layin hosts ke nuna jerin majiyoyi, files na nufin fayil ɗin hosts, dns kuma na nufin saba. A duba /etc/resolv.conf a tabbata adireshin sabar cikin gida ne a wurin, tare da layin search ofis.internal domin gajeren suna ya yi aiki. Idan aka tarar da 127.0.0.53, kamar yadda ake gani a Ubuntu, to systemd-resolved ne ke riƙe da ragamar, ba a gyara fayil ɗin da hannu, sai a duba ainihin sabar da umarnin resolvectl status a gyara ta wurin saitin katin netwok.

Akwai kuskure guda da nake roƙon kowa ya guje masa, wato sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a matsayin saba ta biyu a wannan kwamfutar. Niyyar mai yin haka kyakkyawa ce, amma sabobin Google da Cloudflare ba su san ofis.internal ba, kuma amsar "babu wannan suna" cikakkiyar amsa ce a wurin kwamfuta, ba za ta sake tambayar kowa ba. Idan sabar cikin gida ta yi jinkiri na ɗan lokaci, systemd-resolved yakan koma ta biyun ya zauna a kanta har sai ita ma ta gaza, sai a wayi gari duk na'urori sun koma ja a allo alhali lafiyarsu ƙalau. Saba ta biyu ma ta zama ta cikin gida, su kuma su riƙa miƙa tambayoyin waje ga duk wanda aka zaɓa.

Saba matacciya a jerin ma tana da tsada. A tsarin asali na Linux ana jiran daƙiƙa 5 a kowace tambaya, ana kuma gwadawa sau 2. Manhajar da ke tambaya ɗaya bayan ɗaya a sashe mai adireshi 254, idan sabar ba ta amsawa, za ta iya shafe daƙiƙa 2,540, wato sama da minti 42, tana jira kawai. Duk wanda ya ga binciken na'urori yana jan ƙafa, ya fara duba nan kafin ya zargi manhajar.

A tuna kuma cewa idan manhajar tana da wakili a wani reshe, kamar proxy na Zabbix ko remote probe na PRTG a Barnawa, kwamfutar wakilin ce ke yin tambayar, don haka ita ma a yi mata wannan gyara. Haka idan manhajar tana cikin Docker, wato keɓantaccen akwati da ake gudanar da manhaja a cikinsa, fayil ɗin hosts na uwar kwamfutar ba ya bin ta ciki, sai a yi gwajin daga cikin akwatin. A katangar tsaro kuma a buɗe ƙofa ta 53 ta UDP da TCP duka zuwa sabar DNS, da ta 161 ta UDP zuwa na'urori, da ta 162 daga na'urori zuwa manhajar.

Mataki na shida: gwaji kafin a saki manhajar

A gwada alƙibla biyun. Umarnin dig kw-sw-01.ofis.internal ya dawo da 10.20.1.2, umarnin dig -x 10.20.1.2 kuma ya dawo da sunan nan dai, ba wani ba. Sai dai dig da nslookup suna zuwa wurin saba kai tsaye, ba sa leƙa fayil ɗin hosts, saboda haka abin da suka nuna yana iya bambanta da abin da manhaja ke gani. Don ganin abin da manhajar ke gani, a yi amfani da getent hosts a Linux, ko ping a Windows. Domin duba sashe gaba ɗaya, Nmap yana da hanya mai tsabta:

`nmap -sL 10.20.1.0/24 --dns-servers 10.20.1.10`

Wannan umarni ba ya taɓa na'urorin, sunayensu kawai yake tambayowa ya jera, duk adireshin da ya fito ba suna kuma an san yana amfani, to PTR ɗinsa ce babu. Binciken da ke taɓa na'urori kuwa kada a yi shi sai a netwok ɗin da aka ba mutum izini a kai, domin dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga tsarin kwamfutar wani ba da izini ba. Idan an gyara rajista amma tsohuwar amsa ta ƙi gushewa, ma'ajiyar wucin gadi ce ke riƙe da ita, har amsar "babu" ma ana ajiye ta na ɗan lokaci, sai a wanke da ipconfig /flushdns ko resolvectl flush-caches.

Mataki na bakwai: saitin cikin manhajar

Yanzu ne za a buɗe manhajar. A Zabbix, dokar gano na'urori tana ba da zaɓin inda za a ɗauko sunan na'ura, ko daga DNS, ko adireshi, ko sakamakon wani gwaji, don haka ana iya ƙara gwajin SNMP na sysName a ce shi ne sunan da za a nuna. A LibreNMS, tsarin asali shi ne ba ya ƙara na'urar da ya gano ta adireshi zalla, sai ya sami suna, kuma mutane da yawa suna gaggawar kunna discovery_by_ip don su tsallake wannan. Ni ina ganin gara a bar shi a kashe, domin na'urar da ta ƙi shiga tana nuna inda aikin DNS bai kammala ba. Abin da ya kamata a cika shi ne mydomain, a sa ofis.internal, domin gajeren sunan da LLDP ya kawo ya cika, sannan a cika nets da zangunan da aka yarda a bincika.

Hanyoyin shela kuwa ba abin dogaro ba ne. Shelar NetBIOS da LLMNR da mDNS ba ta ƙetare rauta, saboda haka manhajar da ke Kawo ba za ta ji abin da ake shelantawa a Barnawa ba. Ƙari a kan haka, kowace na'ura a sashen tana iya amsawa da ƙarya cewa ita ce mai sunan, kuma ta wannan tsagar bangon ne masu kutse ke satar bayanan shiga na Windows. Microsoft da kanta ta sanar a 2022 cewa tana janye jiki daga NetBIOS da LLMNR. Da zarar DNS ta tsaya da ƙafarta, a kashe su ta Group Policy, wato saitin bai-ɗaya na kwamfutocin Windows, da saitin DHCP, bayan an tabbatar babu tsohuwar manhajar lissafi ko firinta da ta dogara da su.

Mataki na takwas: ranar da aka ɗauke wuta

Manhajar da ke sa ido kan sabar DNS bai kamata ta dogara da wannan sabar wajen isa gare ta ba. Ga manyan na'urori, wato rautoci da babban suwici da sabobin DNS da kansu, a sa manhajar ta riƙa tuntuɓarsu ta adireshi tana nuna sunansu a allo, wanda a Zabbix zaɓi ne a saitin kowace na'ura, ko kuma a rubuta su a fayil ɗin hosts, wanda a Windows yake C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts. Su kaɗai za a sa a ciki, kada su wuce goma ko makamancin haka, kuma a rubuta a littafin aiki cewa suna nan, domin fayil ɗin hosts da aka manta da shi yana rinjayar DNS a ɓoye bayan an canza adireshi. Sabar da ke aika saƙon gargaɗi ta imel ita ma a duba ta, kada mutuwar DNS ta hana labarin mutuwarta fita.

A garinmu, inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta da inbata sau da yawa a yini, jerin tashin na'urori abu ne da ya kamata a gwada da gangan. A zaɓi ranar Asabar da babu ma'aikata, a kashe komai, a mayar da wuta, a zauna a ga wanda ya riga tashi. Idan manhajar tana riga sabar DNS, a jinkirta tashinta da 'yan mintuna a saitin injinan da ke ɗauke da su, a kuma ɗora sabar DNS da babban suwici a kan batirin da ya fi daɗewa. Bayan komai ya tashi, a zare wayar wani suwici na Barnawa, a jira saƙon ya shigo waya, a duba ko brn-sw-03 ya rubuta ko 10.20.2.14.